Ashe Saniya Ma Tana Ƙyamar Ƙazamin Ruwa

Kwanakin baya wani abokin aikina da ke koyarwa a fannin kiwon dabbobi ya kawo mini wata 'yar takarda ta Turanci mai shafi shida, ya roƙe ni in mayar da ita Hausa domin a raba wa makiyaya da masu gonakin madara. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne gare ni, domin duk wanda aka san ya karanci ilimin harshe a jami'a ya zama tafintan kowa, tun daga mai neman a fassara masa tallar maganin sauro har zuwa mai son a gyara masa katin ɗaurin aure. Na zauna da takardar bayan sallar lisha ina tafiya sumul, sai na iso wata jimla da ta tsayar da ni cak. Abin da take cewa shi ne, saniya ta fi son ruwa mai tsafta, kuma idan aka ba ta zaɓi za ta ƙaurace wa gurɓatacce. Na ajiye alƙalami na yi dariya ni kaɗai. Na ce a raina, lalle wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin shanunmu a bakin kududdufi cikin watan Afrilu ba, sun kutsa har gwiwa cikin taɓo, wata na fitsari, ta kusa da ita na sha.

Dariyar tawa tana da tushe a cikin harshenmu. Idan Bahaushe ya so ya nuna mutum ba ya bambance mai kyau da marar kyau sai ya kira shi dabba, in abin ya yi tsanani ya ce masa saniya. Shi ne kuma dai mai yi mata kirari da nagge daɗi goma, yana lissafa nono da man shanu da nama da fata da taki. Wato mun yarda tana da amfani, amma ba mu yarda tana da ra'ayi ba. Aikatau irin su so da ƙi da zaɓa da ƙyamata mun keɓe su ga ɗan Adam, in an matsa a ara wa doki, saboda shi abin hawan sarakuna ne, kowa kuma ya san ba a kai wa ingarma ruwan kwata. Ita kuwa saniya, a ganinmu, ko mene ne aka ajiye mata za ta sha.

Da na koma wa abokin nawa da wannan shakka, bai yi jayayya da ni ba. Sai ya miƙo mini sakamakon bincike guda biyu ya ce in je in karanta, mu haɗu washegari.

Na farko an yi shi ne a yammacin ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Walter Willms, aka buga a shekarar 2002. A can ma makiyaya suna haƙa tafkuna domin tara ruwan shanu, kamar yadda muke yi a nan. Masu binciken suka raba shanu kashi uku: wasu suna shiga tafki su sha kai tsaye, wasu ana jawo musu ruwan tafkin zuwa cikin komi, wasu kuma ana ba su ruwa mai tsafta na rijiya ko maɓuɓɓuga ko rafi. Ciyawa iri ɗaya, rana iri ɗaya. Da aka auna, karsanan da suka sha ruwa mai tsafta sun fi masu shiga tafki ƙara nauyi da kashi 23 cikin 100, maruƙan da ke bin iyayensu kuwa da kashi 9 cikin 100. An kuma lura masu shan ruwa mai kyau sun fi daɗewa suna kiwo, masu shan na tafki sun fi yawan kwanciya. Waɗannan shanun nama ne, amma abin da ya fi ɗaukar mini hankali ya shafi kowace saniya: da aka ajiye musu ruwa iri biyu, sun guje wa wanda aka sa wa ɗanyen kashin shanu gwargwadon kashi 0.005 cikin 100 kacal.

Mai karatu, mu tsaya mu fassara wannan adadi da harshen kasuwa. Duro mai cin lita 200, irin wanda ake yankawa biyu a yi komi da shi, a jefa masa kashin shanu giram 10. Bai kai nauyin ɗunƙulen magi uku ba. Da ni da kai za mu leƙa mu ce ruwan nan garai yake, mu ma yi wanki da shi. Ita saniya ta sunsuna ta wuce.

Bincike na biyu a Niyu Zilan aka yi shi, ƙasar da madara ke kan gaba cikin kayan da take fitarwa waje, kuma da shanun madara aka yi. Karin Schütz da abokan aikinta na cibiyar AgResearch suka buga shi a 2019. Su ma ruwa uku suka tanada: mai tsafta, da mai ɗan kashi gwargwadon wancan na Kanada, da mai kashi giram ɗaya a kowace lita. Da aka ba shanun zaɓi tsakanin mai tsafta da mai ɗan kashin, kashi 75 cikin 100 na abin da suka sha daga mai tsafta ne. Tsakanin mai tsafta da mai kashi da yawa kuwa, kashi 99 cikin 100. To amma inda maganar take shi ne lokacin da aka hana su zaɓi, aka ajiye wa kowace saniya ruwa iri ɗaya tak. Ba su ƙi sha ba. Sun sha, sai dai sun rage: kashi 10 cikin 100 a kan mai ɗan kashin, kashi 28 cikin 100 a kan mai yawan.

A nan na gane inda na yi kuskure a daren da na yi dariya. Abin da na gani a bakin kududdufi gaskiya ne, fassarar da na yi masa ce ba daidai ba. Na ga saniya ta sha, na ɗauka ta yarda. Alhali Hausa da kanta ta raba sha da ƙoshi, ta kuma ce dole ƙanwar na-ƙi. Saniyar da ta wuni a rana, aka kai ta ga ruwa guda ɗaya, za ta sha gwargwadon abin da zai kashe mata zafin ƙishirwa ta ɗaga kai. Ba ta da bakin da za ta ce bai ishe ta ba. Amsarta tana zuwa ne daga baya, a cikin ƙwaryar tatsa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Masana kiwo suna ƙiyasta cewa kowace litar madara tana buƙatar saniya ta sami ruwa lita 4 zuwa 5, saniya mai yawan madara kuwa tana iya shan fiye da lita 100 a rana guda idan ana zafi. Yawu kaɗai da take tsatsafowa domin tuƙa ya haura lita 100 a rana, ko da yake tana haɗiye shi ya koma jiki. Kuma ci da sha a jikin saniya ɗaure suke da juna: idan ruwa ya yi ƙaranci a tumbinta, sai ta rage cin harawa da dusa, idan ta rage ci madara ta ragu. Saniya na iya jure kwanaki da ƙarancin abinci kafin a gani a hantsarta, amma ƙarancin ruwa a rana ɗaya ko biyu yake bayyana.

Ba domin in ba da labarin Turawa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa ni rubutun nan wata gona ce ta wani kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon madara, kamar yadda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suka yi ko suke shirin yi. Kawu bai yi ƙwauro ba. Ya sayo shanu 'yan aure, irin waɗanda aka haɗa Bunaji da jinsin Firishiyan na Turai, wato aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru da dama tana yi. Ya gina rumfa mai rufin kwano, ya haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ya ɗaura tanki a sama, yana kiran likitan dabbobi a kan kari. Duk lokacin da na je gaishe shi zancen ɗaya ne: madara ba ta kai abin da aka yi masa alkawari ba. Ya zargi wanda ya sayar masa da shanun, ya zargi mai kawo dusa, ya zargi yaran da ke tatsa, har ma ya fara tunanin ko baki ne.

Bayan na karanta takardun nan sai na ce bari in je in ga ruwan. Ranar Asabar da hantsi na isa. Muka gaisa, na ce, "Kawu, ina son in ga inda shanun nan ke sha." Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "To, Dokta, yau kuma nahawun ruwa za a koya mana?" Muka zaga bayan rumfa. Komi ɗaya ne na siminti, an gina shi ƙasa-ƙasa a kusurwar garke, a tsakiyar rana, ba shi da ramin zubar da ruwa. Ruwan da ke fitowa daga famfo tas yake, ni kaina na tara hannu na sha. Amma jikin komin ya yi kore shar da gansakuka, ƙasansa dusa ce da ta zubo daga bakin shanu ta kwanta ta yi tsami, ga kashin kaji a gefe, ga ɓurɓushin kashin shanu yana yawo a sama. Na tambayi yaron da ke kula da su yaushe rabon da a wanke. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kullum sai na ƙara musu sabo, ba ya taɓa yankewa." Bai yi ƙarya ba, kuma ba laifinsa ba ne. An ce masa kada ruwa ya yanke, bai bari ya yanke ba. Babu wanda ya taɓa ce masa a zubar da na jiya.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke taimaka wa Kawu da kiwo, yana tsaye yana jin mu. Na juya na ce, "Baffa, wai da gaske ne saniya tana ƙyamar ruwa?" Ya yi shiru kaɗan, kamar mai mamakin a ce malamin jami'a ne ke wannan tambaya. Sai ya ce, "Malam, ba ka taɓa lura ba, a makiyaya da damina, duk inda saniya ta yi kashi ciyawar wurin ta fi tsawo, ta fi kore, amma ba mai taɓa ta? Wadda ba ta cin ciyawar da ke kusa da kashinta, ita ce za ta so shi a cikin ruwa?" Ya ce su a daji, idan an isa rafi, ana ƙoƙarin a kai shanu ta sama inda ba a dama ba, kuma garken da ya riga isa mashaya da sassafe ya fi wanda ya zo bayan an caɓe wurin sa'a. Ya ce ya faɗa wa Alhaji tun zuwansa, amma aka ce masa ruwan burtsatse ne, ya fi wanda mutanen ƙauye ke sha. Kawu ya kau da kai yana gyara hula.

Abin da masanan Kanada da Niyu Zilan suka auna da sikeli, Baffa ya san shi tun yana yaro. Wanda bai sani ba shi ne mu, 'yan boko, da muka ɗauka idan an sayi injin an gama. Ita ciyawar da saniya ke bari kusa da kashi kuwa, masana sun bayyana dalilinta: a nan ne 'ya'yan tsutsar ciki suka fi taruwa, ƙyamar kuwa kariya ce da aka halicce ta da ita.

Tsafta ce kan gaba, amma akwai wasu abubuwan da saniya ke so a wajen sha waɗanda komin Kawu ya saɓa wa kusan dukkansu. Binciken da aka yi a kudancin Barazil, aka buga a 2004 da 2006, ya nuna shanun madara sun fi zaɓar komi mai faɗin baki da ɗan tsayi, kuma sun fi sha a cikinsa. Dalili shi ne saniya ba lasar ruwa take yi kamar kare ba. Tsoma baki take yi ta zuƙa, tana iya shanye lita 15 ko fiye a minti ɗaya, don haka ƙaramin bokiti ko famfo mai ɗigowa wahalar da ita kawai yake yi. Lokacin da ta fi bukatar ruwa shi ne da zarar an gama tatsa da kuma bayan cin abinci, ke nan komi ya kamata ya kasance a kan hanyarta ta fitowa daga wurin tatsa, cike, a daidai wannan lokaci. Sannan garke yana da manya da ƙanana. Idan komi ɗaya ne, a lungu, babbar saniya sai ta tsaya a kai ta hana karsana da mai sabon haihuwa matsowa, su kuwa su haƙura su koma. Shi ya sa ake ba da shawarar kowane garke ya sami wurin sha aƙalla biyu, nesa da juna. Game da rana kuma, a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ruwan da ke kwance a fili shi ne gonar gansakuka, rabin duron ƙarfe kuwa ga tsatsa ga zafi. Ba ruwan ƙanƙara saniya ke nema ba, inuwa kawai ta isa. Ruwan burtsatsen ma ba duka ne lafiyayye ba: na wasu wurare yana da gishiri ko ƙarfe da ke sauya masa ɗanɗano, kuma akwai dakunan gwaje-gwaje a jami'o'inmu da za su auna wa mai gona kwalba guda.

Dole in yi adalci ga makiyayin da ke daji, domin shi matsalarsa daban ce. Mafi yawan nonon da ake samarwa a ƙasar nan daga rugage yake fitowa, daga Bunaji da Rahaji da Bokoloji waɗanda da ƙyar ake tatsar lita 2 a rana daga guda, alhali takwarorinsu na Holan suna ba da lita 25 zuwa 30. Jinsi yana da nasa kaso a wannan tazara, abinci ma haka, amma ruwa ba a cika ambatonsa ba. Da rani akwai makiyayan da sai bayan kwana guda suke iya kai shanu ga ruwa. Wanda suke samu kuwa sau da yawa ragowar tafki ne, inda katantanwar da ke ɗauke da tsutsar hanta take hayayyafa. Duk mahaucin da ka tambaya a mayanka zai gaya maka yawan hantar da ake zubarwa saboda ita. A kewayen Kano, shanu suna sha daga kogin Challawa da Jakara, waɗanda aka daɗe ana rubuce-rubuce a kan dagwalon masana'antun jima da ke kwarara cikinsu. Ga mashayu da burtalai da gonaki da gine-gine suka cinye, duk da dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. Wannan makiyayi ya san ruwa mai kyau sarai, samunsa ne ya gagare shi.

A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta musamman, kuma jami'ai sun sha nanata cewa Nijeriya na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Duk taron da aka yi a kan wannan, zancen da ke cika zaure shi ne shigo da jinsi mai kyau da noman ciyawa da injinan sanyaya madara. Duka suna da muhimmanci. Amma saniyar da ke ba da lita 20 ta ninka wadda ke ba da lita 2 bukatar ruwa, ta kuma fi ta rashin juriya, don haka inganta jinsi ba tare da inganta mashaya ba ƙara wa dabba azaba ne da kuɗin gwamnati. Inda aka haƙa wa makiyaya dam ko tafki, abin da ya dace shi ne a killace shi a jawo ruwan zuwa komaye, shanu su daina shiga ciki. Inda aka yi burtsatse kuma, a gina komi mai ramin zubarwa, a kuma san wanda wankinsa ya rataya a wuyansa.

Da na koma kan fassarata, kalmar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda Turawa ke amfani da ita ga halin da dabba ke ciki, na lafiya da natsuwa. Su a wajensu kalmar tana da tarihi: rahoton kwamitin Brambell na 1965 a Ingila, wanda daga gare shi aka tsara 'yanci biyar na dabbobi a 1979, na farkonsu kuwa kuɓuta daga ƙishirwa da yunwa. Na gwada "walwala", na ji ta yi kama da zancen ƙungiyar ƙwadago. Na gwada "jin daɗi", na tabbata makiyayi zai yi dariya irin wadda na yi. A ƙarshe na tsaya a kan "haƙƙi", domin ita ce kalmar da mutanenmu suka riga suka sani game da dabba. Duk wanda ya ɗaure akuya ya san in ya bar ta da ƙishirwa ya ɗauki haƙƙinta, kuma tun muna yara malamai suka karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. A makarantar allo da ta zaure kuma an koya mana duba ruwa ta fuska uku: launi da ɗanɗano da ƙamshi. Sai na ƙara layi ɗaya a ƙasan shafi, da izinin mai takardar, cewa kafin ka cika komi ka duƙa ka dubi launinsa, ka sunsuna, in har ba za ka iya kurkure baki da shi ba to a zubar a wanke, aƙalla sau ɗaya a mako, da bazara kuwa duk bayan kwana biyu ko uku.

A gonar Kawu, a ranar nan muka kwashe ruwan da bokiti tunda babu mafita, yaron ya shiga da tsintsiyar kwakwa da soso ya kankare koren, aka ɗauraye sau biyu aka cika. Da aka saki shanun bayan tatsar yamma, suka yi layi a bakin komin, kai a ƙasa, ba mai ɗagowa, har sai da aka sake buɗe famfo kafin na ƙarshe su samu. Kawu ya tsaya yana kallo bai ce komai ba, can ya aika a kira masa magini ya zo ya huda wannan, ya kuma gina na biyu a ƙarƙashin darbejiyar da ke ɗaya gefen. Baffa ya ɗauki tsintsiyar ya ɗaura mata igiya ya rataye a reshen bishiyar, ya ce wa yaron, "Ga ta nan, kada gobe ka ce ka nema ba ka gani ba."